Zaman Mahayi da Karin Takun Doki a Jerin Shingaye: Nazari Daga Fagen Hawa na Birnin Katsina

Tsakure

Birnin Katsina ya daɗe da shahara a fagen hawa, tun daga dawakin yaƙi da na hawan salla har zuwa na sukuwa da ƙwallon dawaki. Sai dai tsallake shinge bisa ƙa'ida bai samu gurbi a cikin wannan gado ba. Saboda haka zaman da mahayi ya koya a sirdin gargajiya yakan ci karo da abin da doki yake buƙata a lokacin da ya tashi sama. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda jerin shingaye, wato sanduna da ƙananan shingaye da ake jerawa bisa awo, yake gyara zaman mahayi da karin takun doki. Ta kuma nuna cewa awon da ke cikin littattafan Turai an yanka shi ne a kan takun manyan dawaki, kuma sai an sake auna shi a kan sawun dokin gida kafin ya yi amfani.

Muhimman kalmomi: doki, sirdi, zaman mahayi, karin taku, jerin shingaye, Katsina

1.0 Gabatarwa

Nazarin doki a fagen Hausa ya fi karkata ga sunaye da ado da adabi: launukan dawaki irin su akawal da kili da hurde da gunya, kayan hawa irin su jalala da lifidi, sai kirari da waƙoƙin da aka yi wa dawakin sarakuna. Wannan maƙala ta juya ne ga jikin mahayi shi kansa, wato inda yake aza nauyinsa, da abin da hannunsa yake yi wa bakin doki, da yadda motsinsa yake bin motsin dabbar ko yake saɓa masa. Tsalle ne ya fi tona waɗannan abubuwa. Kuskuren da yakan ɓuya a tafiya ko a taƙama, a kan shinge fili yake fitowa, kuma sakamakonsa ba ƙarami ba ne: tsagewar bakin doki, ko raunin jijiyar ƙafarsa ta gaba, ko faɗuwar mahayi da ka. Samari masu kilisa ba sa rasa tsallaka kwata ko kwazazzabo ko kunyar gona, ko an koya musu ko ba a koya musu ba. Ke nan tambayar da ta rage ita ce ta yadda za su yi shi ba tare da sun cuci kansu ko dabbar ba.

Kalmomi uku ne za su yi ta maimaituwa. “Zama” na nufin yanayin jikin mahayi gaba ɗaya a kan doki, tun daga diddige har zuwa inda idonsa yake kallo. “Karin taku” an aro shi ne daga karin waƙa, kuma yana nufin tsarin bugun kofato da daidaiton lokacin da ke tsakanin bugu da bugu. “Jerin shingaye” kuwa layi ne na sanduna da shingaye da aka auna tazarar da ke tsakaninsu, ta yadda awon ne yake gaya wa doki inda zai sa ƙafa.

2.0 Zaman da Katsina ta Gada

Sirdin Bahaushe kayan yaƙi ne kafin ya zama kayan ado. Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya danganta bunƙasar rundunonin dawaki a wannan yanki da shigowar sirdi da likkafa da manyan dawaki daga duniyar Musulunci. Tarihin Kano kuma ya ambaci Sarki Kanajeji a matsayin wanda ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A Katsina, sarautar Ƙaura ta jagorancin mayaƙa ce. Abin da barde yake nema ga sirdinsa shi ne ya riƙe shi idan aka yi karo, shi ya sa aka ɗaga gaban sirdin aka kuma ɗaga bayansa, mahayi ya zauna a tsakani kamar an dasa shi. Likkafar mai faɗi ce, tana ɗaukar tafin ƙafa duka. Linzamin kuma mai tsanani ne, da ƙarfen da ke danna ganɗar doki da zoben da ke kewaye haɓarsa, domin ɗan jan hannu kaɗan ya isa ya tsayar da ingarma a tsakiyar gudu.

Wannan tsari ne ake gani har yau a filin Kangiwa, a gaban fadar Sarkin Katsina, idan mahaya suka sako dawaki a guje, suka zame su a gaban Sarki, suka yi jafi. Zamiya gwaninta ce ta gaske. Mahayi yana mayar da kafaɗunsa baya, ya tura ƙafafunsa gaba, ya nutsa cikin sirdi, ya ɗaga hannu, doki kuma ya tattara ƙafafun baya a ƙarƙashin cikinsa ya ɗaga kai. Duk abin da jikin mahayin ya sani game da hatsari ya taru a wannan motsi ɗaya: idan al'amari ya ɓaci, a koma baya, a ja.

Akwai dalilin da ya sa tsalle bai shiga wannan makaranta ba. Ganuwa da ramin da ke kewaye da ita an yi su ne daidai yadda doki ba zai iya ƙetarewa ba, gonaki kuma a buɗe suke, iyakarsu kunya ce ko layin gamba. A Ingila akasin haka aka samu: dokokin killace filaye, musamman a ƙarni na 18, sun cika karkara da shingaye, dole mafarauta a kan dawaki suka koyi tsallake su, daga nan wasan ya samo asali. Yanayin ƙasa ne ya raba makarantun biyu. Ko a adabi, gudu ne abin yabon doki, kamar yadda yake a waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanhilinge.

Sai dai Katsina ba zama ɗaya ta gada ba. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ƙwallon dawaki ya kafu a birnin. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, daga 1944 zuwa 1981, ya kai darajar maki 7 a wasan, abin da ya sa ake ƙirga shi cikin fitattun 'yan wasan da Afirka ta fitar. 'Ya'yansa, Sarki Muhammadu Kabir Usman da Janar Hassan Usman Katsina, su ma sun yi suna a fagen. Muhimmancin wannan ga batun da ake ciki shi ne, ɗan ƙwallon dawaki yana hawa ne a shimfiɗaɗɗen sirdin Turai, kuma duk lokacin da zai bugi ƙwallo sai ya ɗaga daga sirdi ya tsaya a kan likkafa. Wato rabin abin da tsalle yake buƙata ya kusa shekara ɗari a Katsina, ba a dai kira shi da wannan suna ba.

3.0 Abin da Doki Yake Buƙata a Sama

Doki yana ɗauke da fiye da rabin nauyinsa a ƙafafun gaba, kansa da wuyansa kuma sun kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa. Da wannan wuya yake daidaita kansa, kamar yadda mai tafiya a kan katanga yake buɗe hannuwa. Idan ya doshi shinge yakan ɗaga kai domin ya auna shi da ido biyu. A takun ƙarshe sai ya sauke wuya, ya doki ƙasa da ƙafafun gaba, ya shigo da na baya kusa da inda na gaban suka tashi, sannan ya yunƙura. A sama yana miƙa wuya gaba da ƙasa, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Wajen dira, ƙafar gaba ɗaya ce take fara karɓar nauyin duka, ɗayar ta biyo baya, wuya ya sake ɗagowa.

Duk wanda ya bi wannan tsari da kyau zai ga inda zaman zamiya yake yin ɓarna. A daidai lokacin da doki yake neman miƙa wuya, hannun mahayi ya ja shi baya. A daidai lokacin da bayansa zai lanƙwashe, nauyin mutum ya faɗo masa a ƙugu. Sai doki ya yi tsallen da kai a sama, baya a lotse, ƙafafun baya na jan sanda. Dokin da aka yi wa haka sau uku ko huɗu ya gama karatu: ko dai ya riƙa turjewa a gaban shinge, ko ya riƙa rugawa domin azabar ta wuce da sauri. A nan ne akan ce doki ya yi tutsu, alhali hannu ne ya koya masa.

Turawa ma sun daɗe a cikin wannan kuskure. Har ƙarshen ƙarni na 19 mahayansu suna jingina baya ne a kan shinge, da tunanin cewa suna taimakon doki ya dira da ƙafafun baya. Hotunan Eadweard Muybridge na 1878 da waɗanda suka biyo bayansu sun fara nuna wa ido abin da ƙafar doki take yi a zahiri. Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli (1868–1907), shi ne ya juya al'amarin. Ya rage tsawon likkafa, ya ɗaga mahayi daga sirdi, ya ce hannu ya bi bakin doki duk inda ya nufa. A birnin Turin a 1902 ya tsallake mita 2.08 da wannan zama, kuma makarantar sojan doki ta Pinerolo ta yaɗa shi zuwa sauran ƙasashe. A fagen sukuwa ma an ga irin wannan sauyi bayan da Tod Sloan, ɗan Amurka, ya kai zaman tsugune Ingila a 1897. Wani bincike da Thilo Pfau da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2009 ya nuna cewa lokutan tsere sun inganta da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a shekarun da aka rungumi zaman, domin ƙafafun mahayi ne suke shanye girgiza, doki ya huta da ɗaga shi da sauke shi a kowane taku.

Siffar zaman ba ta da wuyar faɗa. Ana rage igiyar likkafa da huda biyu ko uku. Gaban tafin ƙafa ne yake kan likkafa, diddige ya nutsa ƙasa, ƙwauri ya tsaya a daidai majayi. Gwiwa tana lanƙwashe amma ba ta matse sirdi. Mahayi yana naɗewa ne daga ƙugu, mazaunansa su ja baya kaɗan yayin da ƙirjinsa ya yi gaba, gadon baya a miƙe, ido a kan abin da ke gaba. Daga gwiwar hannu zuwa bakin doki layi ɗaya ne. Akwai gwaji mai sauƙi da malaman hawa suke yi: da za a zare dokin daga ƙarƙashin mahayi, shin zai dira a kan ƙafafunsa, ko zai faɗi ta baya, ko ya kifa? Wanda zai dira a tsaye shi ne ya zauna daidai. Wannan zama ba ya yiwuwa a sirdin gargajiya, domin tudun gaba yana tokare ciki, na baya kuma yana dukan mahayi wajen dira. Haka nan linzamin gargajiya ya fi ƙarfin wannan aiki. Ana buƙatar sassauƙan linzami mai gaɓa a tsakiya, wanda kuskuren hannun ɗan koyo ba zai zama rauni a bakin doki ba.

4.0 Karin Taku

Tafiyar doki bugu huɗu ce. Sassarfa bugu biyu ce, ƙafar gaba ta dama tare da ta baya ta hagu, sannan akasin haka. Cikakkiyar sukuwa bugu huɗu ce a jere cikin sauri. Tsakanin sassarfa da cikakkiyar sukuwa akwai wani gudu mai bugu uku, wanda wannan maƙala za ta kira ƙaramar sukuwa, kuma da shi ake yawancin tsalle. Idan doki yana jagora da dama, ƙafar baya ta hagu ce take fara sauka, sai ta baya ta dama tare da ta gaba ta hagu, sai ta gaba ta dama, sannan wani ɗan lokaci da duk ƙafafun huɗu suke sama. A wannan gudu numfashin doki a ɗaure yake da takunsa, taku ɗaya numfashi ɗaya. Saboda haka mahayin da ya dagula taku ya dagula numfashi.

Masana arulin waƙa ba baƙi ba ne a nan. Larabawa sun kira wani nau'i na karin Mutadarik da sunan Khabab, kalmar da asalinta gudun doki ne, har ma sukan yi masa laƙabi da gudun dawaki. Ƙafafunsa biyu su ne Fa'ilun, mai gajerun gaɓoɓi biyu da doguwa ɗaya, da Fa'lun, mai dogayen gaɓoɓi biyu. Abin sha'awa shi ne Hausa ta ajiye ma'aunin a cikin kalmomin hawa su kansu. Kalmar “sukuwa” gajeriya ce, gajeriya, doguwa, daidai da bugu uku na ƙaramar sukuwa, inda tsawon gaɓar ƙarshe ya cike lokacin da doki yake sama. Kalmar “doki” kuwa dogayen gaɓoɓi biyu ce, daidai da sassarfa. Malaman hawa a Turai sukan sa ɗalibi ya ƙirga taku da ƙarfi. Ɗalibin Katsina ba ya buƙatar aron ƙirga: ya riƙa faɗin “do-ki, do-ki” a sassarfa, “su-ku-wa, su-ku-wa” a ƙaramar sukuwa. Amfanin yin haka biyu ne. Kunnensa zai ji lokacin da karin ya karye, kuma mai magana ba ya iya riƙe numfashi, alhali riƙe numfashi shi ne farkon sandarewar jikin mai tsoro.

Wajibi ne a bambanta kari da sauri. A gasar tsalle ana yawan tafiya a kan mita 350 a minti ɗaya. Idan tsawon taku mita 3.6 ne, ke nan taku 97 ko kusa da haka a minti. Doki yana iya tsawaita taku ko ya gajarta shi ba tare da wannan adadi ya sauya sosai ba, kuma wannan ita ce gwanintar da ake nema. Abin da ba a so shi ne bugun ya riƙa gaggawa a taku uku na ƙarshe. Mafi yawan lokaci daga mahayi gaggawar take fitowa: ya hango shinge, zuciyarsa ta buga, ya sa ƙaimi ko ya ja linzami, ya ɓata awon da dokin ya riga ya yi da idonsa.

Ganga ma tana da gurbi a nan, tunda dawakin fada sun saba da kiɗa, wasu har rawa suke yi masa. Makaɗi zai iya riƙe wa mahayi kari daga gefen fage, da sharaɗi ɗaya: ya fara sauraron dokin, ya ɗauki bugunsa daga kofato, sannan ya riƙe shi kada ya sauya. Idan makaɗin ne ya yanka wa doki kari, an koma gidan jiya.

5.0 Jerin Shingaye da Awonsa

Hikimar jerin shingaye ita ce ya ɗauke wa mahayi aikin zaɓar wurin tashi. Tunda awo ya riga ya yanke wannan hukunci, abin da ya rage masa shi ne ya shigo a miƙe, a kan kari ɗaya, ya kula da jikinsa. Kuma tunda tsalle uku ko huɗu suna zuwa a jere cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuskuren da aka yi a na farko yana bayyana a na biyu tun mahayi bai manta abin da ya yi ba. Bertalan de Némethy, wanda ya horar da ƙungiyar tsallen dawaki ta Amurka daga 1955 zuwa 1980, ya gina yawancin horonsa a kan wannan hanya.

Ana farawa da sanduna uku ko huɗu a kwance a ƙasa, a bi ta kansu da sassarfa. A littattafan Turai tazararsu mita 1.2 zuwa 1.4 ce. Idan doki da mahayi sun natsu, sai a ƙara ƙaramin shinge na sanduna biyu a gicciye, kimanin mita 2.5 daga sandar ƙarshe. Gicciyen yana da amfani, domin kwarin tsakiyarsa yana jan doki ya bi ta tsakiya. Daga nan a sa shinge na biyu a tazarar taku ɗaya, wato mita 5.5 zuwa 6 ga wanda ya shigo da sassarfa. Akwai kuma tazarar da za a iya kira dira-da-tashi, mita 3 zuwa 3.6, inda doki yake dira ya tashi nan take ba tare da taku a tsakani ba. Ita ce mafi tsananin malami ga zaman mahayi. Wanda ya kwanta a wuyan doki a tsallen farko ba shi da lokacin miƙewa kafin na biyu, wanda ya rage a baya kuma sirdi zai doke shi sau biyu. Ba a ƙara shinge sai wanda ke gabansa ya zauna, kuma tsayin santimita 40 zuwa 60 ya wadatar ga duk wannan aiki.

A nan ne kwafar littafi take da hatsari. Duk alƙaluman da aka kawo an gina su ne a kan dokin da takunsa ya kai ƙafa 12, wato mita 3.6 da ɗoriya, irin dawakin gasar Turai masu tsayin santimita 165 ko fiye a doro. Dawakin Arewa, masu jinin dawakin Barbar da na Dongola, galibi suna tsakanin santimita 140 da 155, takunsu kuma ya fi gajarta. Idan aka sa irin wannan doki a tazarar da ta yi masa tsawo, ɗayan biyu ne: ko ya miƙe ya ruga domin ya kai, ko ya cusa ƙaramin taku na biyu ya tashi daga gindin shinge. Duka biyun su ne ainihin cutar da aka kafa jerin domin magancewa. A barga ɗaya ta 'yan ƙwallon dawaki ana iya samun dokin gida da na Sudan da na Ajantina, kuma awo ɗaya ba zai yi wa ukun daidai ba.

Maganin yana cikin ƙasar Katsina ita kanta, mai yashi, wadda take riƙe sawu. A share fili da tsintsiya, a bi ta kai da ƙaramar sukuwa cikin natsuwa, sannan a auna daga sawun kofato ɗaya zuwa inda wannan kofaton ya sake sauka. Wannan shi ne tsawon takun dokin. A yi haka sau uku a ɗauki matsakaici. Tazarar taku ɗaya tsakanin shingaye biyu ita ce tsawon takun, a ƙara masa wurin dira da wurin tashi, waɗanda a ƙananan shingaye kowannensu bai kai rabin taku ba. Bayan an bi ta jerin, a sake komawa ga sawun. A sandunan ƙasa, kofato ya kamata ya sauka a tsakiyar tazara. A tsakanin shingaye kuma, nisan wurin dira daga shingen farko ya yi kusa da nisan wurin tashi daga na biyu. Idan sawun ya matsu da shinge na biyu, tazarar ta yi kaɗan. Idan ya yi nisa da shi, ta yi yawa. Bin sawu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma a wannan aiki ta fi teburin awo na kowane littafi gaskiya.

Kayan aikin ma suna da sharaɗi. Dole sanda ta zama mai faɗuwa idan an taɓa ta. Azara da bututun ƙarfe da bulo ba su da wuri a nan, haka ma tsohuwar taya da kofato zai iya maƙalewa a ciki. Gora ta yi rashin nauyi, kuma idan ta fashe tana yanka. Miƙaƙƙen itacen turare mai tsawon mita 3 zuwa 4, wanda aka kankare aka shafa wa farar ƙasa domin doki ya gan shi a kan jan yashi, ya wadatar. Fako yana cin gaɓoɓi, yashi mai zurfi kuma yana jan jijiya yana gajarta taku, don haka awon da aka yi da damina ba lalle ya yi daidai da na bazara ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, aikin na sassafe ne ko na bayan la'asar. Ba a sa dokin da bai kai shekara huɗu ba, domin ƙasusuwansa ba su gama ƙosawa ba, na gadon baya ma sai wajen shekara biyar zuwa shida. Hular kwano kuma wajibi ce, rawani ba ya tare komai.

6.0 Inda Kowane Mahayi Yake Tuntuɓe

Mahayin da ya tashi a hawan salla shi ne ya fi shan wuya, duk da cewa sau da yawa shi ne ya fi ƙarfin zuciya. Jikinsa ya haddace komawa baya, kuma ba a goge haddar jiki da nasiha. Abin da yake yi masa aiki shi ne a raba hannunsa da bakin doki na ɗan lokaci. A ɗaura wata igiya a wuyan doki ya riƙe, ko ya kama geza a tsakiyar wuya tun kafin sandar farko, kada ya saki sai ya wuce shingen ƙarshe. Kafin ya ga shinge ma, ya yi kwanaki yana sassarfa a tsaye a kan likkafa, mazaunansa ba su taɓa sirdi, har cinyoyinsa da ƙwaurinsa su karɓi aikin da tudun sirdi yake yi musu a da. Wasu manyan mahaya sukan ga kama geza a matsayin abin kunya, aikin yara. Wannan girman kai bakin doki ne yake biyan kuɗinsa. Idan zaman ya fara kama ƙasa, kuma dokin amintacce ne, fagen a killace, sai a ƙulle kamazuru a wuyan doki, mahayi ya bi jerin da hannuwa a ƙugu ko a buɗe. Wanda ya iya wannan ya tabbatar cewa ba da linzami yake riƙe kansa ba.

Yaron sukuwa matsalarsa akasin haka ce. Ya saba da tsugune da gaggawa, don haka yakan riga doki tashi, ya zuba nauyinsa a kafaɗun da suke neman ɗagawa. Shigowa da sassarfa da dira-da-tashi biyu a jere sukan koya masa jira.

Ɗan ƙwallon dawaki ya fi kowa kusa, amma ya zo da nasa kayan. Ya saba riƙe linzami da hannun hagu kaɗai, yana juya doki da matsa igiya a wuya, kafaɗarsa ta dama kuma a buɗe take saboda sandar bugu. A jerin shingaye wannan karkata tana tura doki gefe guda kaɗan-kaɗan, har a shinge na uku a same shi a bakin sanda. Sai ya koma riƙo da hannu biyu, a kuma shimfiɗa sanduna biyu a ƙasa su yi masa titi tsakanin shingaye. Dokinsa ma yakan zo da kayan da ke ɗaure kai ƙasa domin tsayawar gaggawa, irin igiyar da take tashi daga majayi zuwa hancin doki. Idan ta yi gajarta tana hana wuya aikinsa a sama, dole a sassauta ta ko a cire.

Kallon ƙasa kuwa na kowa ne. Kan mutum ya kai kilo 5, kuma idan ya sunkuya kafaɗu suna binsa. Malami yakan tsaya can ƙarshen layi ya ɗaga yatsu, ɗalibi ya riƙa faɗin adadinsu yana cikin tsalle, ko a zaɓa masa wata bishiyar darbejiya a bayan fage ya kafa mata ido. Bi shida zuwa takwas ya isa aikin yini ɗaya, sau ɗaya ko biyu a mako. Alamar tsayawa ita ce lokacin da doki ya fara taɓa sandar da ɗazu yake wucewa lafiya, ko bugun “su-ku-wa” ya fara rarrabewa zuwa huɗu. A nan sai a sauke shingen ƙarshe, a bi sauran sau ɗaya, a sassauta majayi, a zagaya da dokin a tafiya har numfashinsa ya dawo daidai kafin a kai shi turke.